Babban taron jam'iyya: yadda ake shirya shi, da yadda rigimar wakilai ke raba gida biyu

Duk wanda ya saba bi ta Gaweye, tsakanin gadar Kennedy da gidan tarihi na Boubou Hama, ya san kamannin wurin a ranar da wata jam'iyya ke da taro a Palais des Congrès. Tun da sassafe motoci ke jeruwa, wasu da ƙurar Damagaram, wasu da ta Tawa ko Agadas. Mata sun sha atamfa mai hoton shugaba, makaɗa da maroƙa sun tare bakin ƙofa, masu ruwan leda da masu tsire suna cin kasuwa. In taron ya fi ƙarfin wannan zaure, sai a nufi Palais du 29 Juillet. Yau wannan hidima ta ɗauke. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli na 2023 sojoji sun dakatar da ayyukan jam'iyyu. A watan Fabrairu na 2025 aka yi babban taron ƙasa a cibiyar Mahatma Gandhi, nan kusa da otal ɗin Gaweye, wakilai fiye da 700 suka ba da shawarar a rusa jam'iyyun da ke akwai a kuma sake rubuta dokar da ta shafe su. Ranar 26 ga watan Maris na 2025 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan dokar rusawar. Jam'iyyu fiye da 150 suka tafi a rana ɗaya.

To me ya kawo maganar babban taro a lokacin da babu jam'iyyar da za ta kira shi? Dalili shi ne, duk ranar da aka sake buɗe fagen, kowace jam'iyya da za a kafa da taro za ta fara. Kuma in aka duba tarihin siyasar Nijar tun daga 1991, akasarin waɗancan jam'iyyu masu yawa ba bambancin aƙida ya haife su ba. Da yawansu a bakin ƙofar wani zaure aka haife su, ranar da aka ce wa wani sunansa ba ya cikin takarda.

Mene ne babban taro, wa ke da kujera a ciki

Babban taro, wanda 'yan siyasa ke kira kongre, shi ne hukumar ƙoli ta jam'iyya. Shi ke zaɓen shugaba da magatakarda da sauran mambobin biro, shi ke gyara dokokin jam'iyya, kuma sau da yawa shi ke tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa. Takardu biyu ke tafiyar da shi: kundin tsarin jam'iyya da dokokin cikin gida. A cikinsu ne aka rubuta bayan shekara nawa ake yin taro na yau da kullum, wane ne ke da ikon kiransa, kwana nawa za a ba mutane kafin ranar, da adadin wakilan da dole su halarta kafin hukuncin taron ya zauna. Akwai kuma taron gaggawa, wanda ake kira idan wata matsala ta taso. Mai karatu ya riƙe wannan na biyun, don kusan duk rigimar da za mu ambata ta nan ta shigo.

Ba kowane mai katin jam'iyya ke jefa ƙuri'a a babban taro ba. Wakilai ke yi. Ginin yana farawa daga ƙasa: ƙaramin kwamiti na unguwa ko na ƙauye, sai na ƙaramar hukuma, sai na gunduma, sai na jaha. Sunayen sun bambanta daga jam'iyya zuwa jam'iyya. Abin da MNSD-Nassara ta kira seksiyo a matakin jaha, PNDS-Tarayya ta kira shi federasiyo, Lumana kuma kowardinasiyo, amma aikin ɗaya ne. Jahohi 8 ne, Agadas, Difa, Doso, Maradi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai, kuma manyan jam'iyyu kan ƙara da rassan 'yan Nijar mazauna waje, irin na Nijeriya, Kotonu, Lome, Akara, Abijan da Faransa.

Wakilan iri biyu ne. Akwai waɗanda rassa suka zaɓo suka turo. Akwai kuma waɗanda muƙaminsu ya ba su kujera kai tsaye: mambobin biro na ƙasa, 'yan majalisar dokoki na jam'iyyar, ministocinta in tana cikin gwamnati, da shugabannin ƙungiyoyin mata da na matasa. Wannan rabo yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Idan masu kujerar muƙami suka yi yawa, shugaban da ya naɗa su ya shigo zaure da rabin ƙuri'unsa a aljihu.

A jaha ake cin taro, a Yamai ake shagali

Abin da jama'a ke gani a talabijin, tafi da guɗa da ɗaga hannun sabon shugaba, ƙarshen zance ne. Ainihin kokawar an yi ta watanni kafin nan, lokacin sabunta rassa. Kafin babban taro, biro na ƙasa kan tura tawaga kowace jaha ta sa ido a kan zaɓen shugabannin gundumomi da na jahar, sannan a fitar da jerin wakilai. Wanda ya zaɓi 'yan tawagar nan, shi ya zaɓi alƙalin wasa. In tawagar ta sauka gidan wani attajiri na jam'iyya a Maradi, ta ci tuwonsa, ta shiga motarsa zuwa Tasawa da Dakwaro, kada a yi mamaki in ɗaya ɓangaren ya ƙi amincewa da sakamakon, ya koma wani gida ya yi nasa zaɓen. Daga ranar an sami biro biyu a gunduma ɗaya, kowanne da hatiminsa, kowanne da jerin wakilansa.

Jerin biyun nan su ne za su iso Yamai. A bakin ƙofa akwai kwamitin tantance wakilai, wanda ke duba takardun izini yana raba katin shiga. Ƙaramin kwamiti ne, mutane kaɗan a bayan tebur, amma a ranar babu wanda ya kai shi iko. Shi zai ce jerin wane ne na gaskiya. Na taɓa tsayawa bakin irin wannan ƙofa na ga wani dattijo da ya kwana a mota daga gabas, riƙe da takarda mai hatimi, ana ce masa wani ya riga ya karɓi katin gundumarsu tun jiya da dare. Bai yi faɗa ba. Ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu, ya ce zai kai labari gida. Irin wannan labari ne ke komawa ƙauyuka ya zama ƙuri'ar wata jam'iyya.

Sai maganar kuɗi. Kawo ɗaruruwan mutane daga Difa ko Bilma, a ba su masauki da abinci da na cefane, a buga atamfa da huluna, a biya hayar zaure, ba ƙaramin aiki ba ne. Dokar jam'iyyu ta 16 ga watan Disamba na 2010 ta tanadi tallafin gwamnati ga jam'iyyun da suka cika sharuɗɗa, kuma bisa ƙa'ida mambobi na biyan kuɗin kati. Amma kowa ya san taro da aljihun manya ake yinsa: ministoci, 'yan majalisa, 'yan kasuwa. Wakilin da wani ya biya masa mota, ya sauke shi, ya ciyar da shi, zai yi wuya ya ɗaga hannu a gaban jama'a ya saɓa masa.

A cikin zaure tsarin kusan ɗaya ne ko'ina. A buɗe da addu'a, baƙi daga jam'iyyun ƙawance su yi gaisuwa su fita, a kafa kwamitin da zai jagoranci zaman, biro mai barin gado ya karanta rahoton aikinsa da na kuɗi, ya sauka. Kwamitoci su duba dokoki da manufofi. Sannan zaɓe. A nan al'adarmu ta fi son sasantawa: manyan jahohi su kulle kansu a ɗaki su raba muƙamai, shugaba daga nan, magatakarda daga can, ma'aji daga wata jahar, a fito a karanta, zaure ya yi tafi. Sasantawa ba laifi ba ce, ta sha riƙe jam'iyyu. Illarta ita ce wanda bai yarda ba ba shi da wurin da zai nuna yawan mutanensa, sai waje. Daga ƙarshe a rubuta rahoton taro, sau da yawa a gaban ma'aikacin shari'a da ake kira huissier, mai rubuta abin da idonsa ya gani, a kai takardun ma'aikatar cikin gida.

Abin da ya sami MNSD

Babu jam'iyyar da ta biya kuɗin wannan darasi kamar MNSD-Nassara. A watan Nuwamba na 1991, jim kaɗan bayan kammala taron ƙasa da André Salifou ya jagoranta, jam'iyyar ta yi taron zaɓen wanda zai gaji Janar Ali Saibou. Tsofaffin hafsoshi biyu suka nema, Tandja Mamadou da Moumouni Adamou Djermakoye. Tandja ya samu. Djermakoye ya fita da mutanensa ya kafa ANDP-Zaman Lahiya. A zagayen farko na zaɓen 1993 Tandja ya zo na ɗaya da kusan kashi 34 cikin 100, Mahamane Ousmane na bin sa da kusan 27, Djermakoye kuma ya kwashi kusan 15. A zagaye na biyu Djermakoye yana cikin ƙawancen AFC da ya mara wa Ousmane baya, Ousmane ya ci, Djermakoye ya zama shugaban majalisar dokoki. A haɗa 34 da 15 a ga abin da taron 1991 ya ci wa jam'iyyar.

Shekaru 16 bayan haka aka maimaita. Majalisa ta tsige Hama Amadou daga muƙamin faraminista a ƙarshen watan Mayu na 2007, aka tsare shi a Kutukale a watan Yuni na 2008, alhali yana shugaban jam'iyya. Tambaya ta taso: shugaba na kurkuku, wa ke da ikon kiran taro? Ranar 21 ga watan Fabrairu na 2009 aka yi taron gaggawa a Damagaram, aka naɗa Seini Oumarou shugaba, Albadé Abouba magatakarda. Mutanen Hama suka ce taron ya saɓa wa dokokin jam'iyya, suka nufi kotu, daga baya suka kafa MODEN/FA Lumana. A zagayen farko na zaɓen 31 ga watan Janairu na 2011 Mahamadou Issoufou ya sami kusan kashi 36, Seini kusan 23, Hama kusan 20. Hama ya goyi bayan Issoufou, Issoufou ya ci zagaye na biyu.

Na uku ya zo a watan Agusta na 2013, lokacin da Issoufou ya kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa. Albadé Abouba da wasu jiga-jigai suka shiga, Seini Oumarou ya tsaya a adawa. Aka shiga korar juna, kowane ɓangare ya yi nasa taron, kowanne na cewa shi ne MNSD. Shekara biyu ana hawa da sauka a kotuna, sai a watan Agusta na 2015 hukunci ya tabbatar wa Seini shugabancin. A watan Oktoba Albadé ya kafa MPR-Jamhuriya. A zaɓen 27 ga watan Disamba na 2020 Seini ya sami kusan kashi 9, Albadé kusan 7. Jam'iyyar da ta mulki ƙasa daga 1999 zuwa 2010 ke nan.

CDS-Rahama ma haka. Cheiffou Amadou ya fita a 2004 ya kafa RSD-Gaskiya. A 2011 Abdou Labo ya bi Issoufou alhali Mahamane Ousmane na tare da Seini, aka yi ta jan igiya har ɓangaren Labo ya yi taro a 2014 ya naɗa shi shugaba. A nan hukuncin ya bambanta da na MNSD: tutar ta zauna a hannun waɗanda ke tare da gwamnati. Ousmane, wanda ya kai jam'iyyar fadar shugaban ƙasa, sai da ya yi takarar 2016 da tutar MNRD-Hankuri, kafin ya tsaya da RDR-Tchanji ya kai zagaye na biyu a watan Fabrairu na 2021. Kotu ta ba wani suna da tuta, masu ƙuri'a suka bi mutum.

Lumana ta ɗanɗana nata a 2019, lokacin da Hama ke waje, aka wayi gari da taro biyu, ɗaya a Yamai ɗaya a Doso, tsakanin shugaban riƙo Oumarou Noma da waɗanda suka ja da shi. Daga baya aka tsayar da Hama a Doso a watan Satumba na 2020, ko da yake kotun tsarin mulki ta ƙi takarar tasa a watan Nuwamba. PNDS kuwa ta bi wata hanya: manya suka yanke magana tun kafin wakilai su iso. An sauke Hassoumi Massaoudou daga ministan kuɗi a ƙarshen watan Janairu na 2019, ranar 31 ga watan Maris taro ya tsayar da Mohamed Bazoum, Massaoudou kuma bai fita ba, ya ma zama ministan harkokin waje a 2021. Gida bai rabu ba, gaskiya ne. Amma wakilan da aka kwaso daga jahohi 8 ba zaɓe suka zo yi ba, shaida suka zo yi.

Me ya sa ba sa fita salin alin

Mutane kan tambaya: in ka saɓa da shugaba, me zai hana ka tattara naka ka tafi? Amsar tana cikin kundin tsarin mulki na 25 ga watan Nuwamba na 2010. Ya ce ɗan majalisar da ya yi murabus daga jam'iyyarsa ya rasa kujerarsa, mataimakinsa ya hau. Wanda jam'iyya ta kora kuwa yana nan a kujerarsa a matsayin ɗan ba-ruwana. An yi wannan doka don a hana sauya sheƙa, amma sai ta haifi wata dabara: kada ka fita, ka zauna ciki ka yi tawaye har a kore ka, ko kuma ka kira naka taron ka ce kai ne jam'iyyar. Ga kuma suna da tuta da launi, waɗanda mai ƙuri'a a ƙauye ya sani shekara da shekaru. Ba abin da ake bari cikin sauƙi ba ne.

Idan magana ta je kotu, alƙali ba ya tambayar wa ya fi jama'a. Takarda yake dubawa. Wa ya sa hannu a kan takardar kiran taro, kuma dokokin jam'iyya sun ba shi wannan iko? An cika kwanakin sanarwa? Adadin da ake bukata ya cika, kuma da waɗanne sunaye aka ƙirga shi? Wanda aka kora, an kira shi ya kare kansa kafin a yanke masa hukunci? Sau da yawa a kan wannan na ƙarshen jam'iyyu ke faɗuwa, don cikin fushi ake kora, a taron dare, ba tare da bin matakai ba. Matsalar ita ce shari'a na da matakai, daga babbar kotun Yamai zuwa ta ɗaukaka ƙara zuwa ta ƙoli, ranar zaɓe kuma ba ta jira. Kafin a gama, kowane ɓangare na zargin ma'aikatar cikin gida da karkata, musamman in ɗaya daga cikin masu rigimar yana cikin gwamnati. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a siyasarmu an sha zargin ƙadangaren da taya bangon tsagewa.

Maƙwabtanmu ba su tsira ba

A Nijeriya doka ta sa hukumar zaɓe INEC ta sa ido a kan tarukan jam'iyyu, kuma dole a sanar da ita kwana 21 kafin ranar. A nan Nijar, kafin juyin mulkin 2023, CENI zaɓen ƙasa ne aikinta. Duk da haka sa idon bai hana rigima ba. A watan Oktoba na 2021 jam'iyyar APC a jihar Kano ta yi taro biyu rana ɗaya: ɓangaren gwamna Abdullahi Ganduje ya fitar da Abdullahi Abbas, ɓangaren Sanata Ibrahim Shekarau ya fitar da Ahmadu Haruna Zago. Wata babbar kotu a Abuja ta ba Shekarau gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta soke, kotun ƙoli ta tabbatar wa ɓangaren Ganduje a watan Mayu na 2022. Shekarau ya fita, a 2023 kuma APC ta rasa kujerar gwamna a hannun Abba Kabir Yusuf na NNPP. Na Zamfara ya fi ciwo. APC ta ci zaɓen 2019, amma a watan Mayu kotun ƙoli ta ce jam'iyyar ba ta yi zaɓen fid da gwani na halal ba, ta zubar da ƙuri'unta gaba ɗaya, Bello Matawalle na PDP da ya zo na biyu ya zama gwamna.

Inda gyara yake

A ganina yawancin abin da ke hana wannan fitina ba ya bukatar kuɗi. A rufe jerin wakilai makonni kafin taro, a manna shi a ofishin jam'iyya na kowace gunduma, duk mai ƙorafi ya kawo tun yana gida, ba sai ya kwana a mota ya iso Gaweye ba. Kwamitin tantancewa ya ƙunshi mutanen kowane ɗan takara, ba na shugaba mai ci kaɗai ba, kuma wanda ke neman kujera kada ya zama shi ke raba katin shiga. A rubuta tun farko yadda ake raba yawan wakilai tsakanin jahohi, ko bisa yawan ƙuri'un da jam'iyya ta samu a zaɓen baya ko bisa yawan ƙananan hukumomi, don kada a canza lissafi ana gobe taro. In sasantawa ta gagara, a kawo akwati a yi ƙuri'ar asiri a ƙirga a gaban kowa. Wanda ya faɗi da ƙuri'u 300 cikin 800 ya san nauyinsa, wanda ya ci ma ya san dole ya ba shi wuri. A kuma fayyace a cikin dokoki abin da zai faru in shugaba na tsare, ko yana gudun hijira, ko ba shi da lafiya, tunda a kan wannan giɓi ne rigimar 2009 da ta 2019 suka tashi.

Sauran kuma na masu rubuta sabuwar dokar jam'iyyu ne. Za a ɗora wa kotu wa'adin da dole ta yanke hukunci a kan rigimar taro kafin lokacin ajiye takardun takara? Wace hukuma za ta karɓi rahoton taro ta ce ga shugabannin da ta sani, ma'aikatar da ɗan siyasa ke riƙe da ita ko wata mai zaman kanta? In kuma aka taƙaita yawan jam'iyyu kamar yadda wasu ke kira, wanda aka hana katin shiga ba zai sake samun damar zuwa ya kafa tasa ba, dole shi da wanda ya hana shi su zauna a zaure ɗaya.